Mai Zane da Fuskarsa: Tambayoyi da Amsoshi kan Zanen Kai a Wannan Zamani

Akwai matasa Hausawa ba kaɗan ba a Legas, a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, waɗanda Allah ya hore wa hannun zane. Yawancinsu da kwaikwayon hoto suke farawa: a turo musu hoton amarya ko na wani alhaji ta WhatsApp, su zana shi da fensir ko gawayi, a sa a firam, a biya su. Tambayoyin da aka tattara a nan sun shafi abin da ke biyo baya, wato lokacin da mai zane, namiji ko mace, ya ajiye hoton kwastoma ya juya ga tasa fuskar, da kuma abin da masu zane na wannan zamani suke nema idan sun yi haka.

Mene ne zanen kai, kuma da me ya bambanta da zanen fuskar wani?

Zanen kai shi ne aikin da mai zane ya yi na siffar kansa, ko yana duban madubi, ko yana duban hotonsa, ko daga abin da ya riƙe a ka. Bambancin yana wajen wanda ke da ta cewa. Idan wani ya ba da aikin a zana shi, shi zai zaɓi rigar da zai sa, shi zai ce a rage masa tumbi ko a share tabon da ke goshinsa, kuma idan bai ga kansa yadda yake so ba, cikon kuɗin ba zai fito ba. A zanen kai kuwa, mai zanen shi ne mai ba da aiki, shi ne abin zanawa, shi ne kuma farkon mai kallo. Saboda haka duk abin da ya bayyana a kan ƙyallen kanbas, daga karkatar hula har zuwa inda idanu suka dosa, shawararsa ce shi kaɗai, ba shi da wanda zai ɗora wa. Daga waɗannan shawarwari ne mai kallo yake gane yadda mai zanen ya ɗauki kansa.

Tun da kowace waya tana da kyamara, me ya rage wa mai zane?

Wannan tambaya ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun 1839, shekarar da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa, masu zane suka gane cewa aikin fitar da kamannin mutum daidai ya samu wanda zai yi shi cikin sauri da araha. Sana'ar ba ta mutu ba, alƙibla ta sauya, ta koma neman abin da kyamara ba ta iya kamawa.

Kyamara tana ɗaukar abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, zane kuwa yana tara kallon kwanaki ko makonni a wuri guda. Mutumin da ya zauna gaban madubi yau cikin nishaɗi, gobe da gajiyar cunkoson motocin Oshodi a jikinsa, jibi bayan an bugo masa waya daga gida da labarin rasuwa, fuskoki uku ya gani, kuma dukansu za su shiga zane ɗaya ko ya so ko bai so ba.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa kai tsaye. Wadda muka saba da ita ta madubi ce, wadda damarta ta koma hagu. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1977 ya nuna cewa mutane sun fi son hotonsu idan an juya shi yadda madubi ke nunawa, alhali abokansu sun fi son hoton a yadda yake. Ita ma kyamarar waya, idan aka riƙe ta kusa da fuska, tana ƙara wa hanci girma ta rage kunnuwa. Mai zane ke nan ba shi da wata fuska guda tabbatacciya da zai kwafa, dole ya zaɓa.

Yaushe masu zane suka fara ɗaukar zanen kai da muhimmanci?

A Turai abin ya yi ƙarfi daga ƙarni na 15, lokacin da madubi mai kyau ya fara samuwa kuma masu zane suka fara ganin kansu a matsayin mutane masu suna, ba ma'aikatan hannu kawai ba. A 1500 Bajamushe Albrecht Dürer, yana da shekara 28, ya zana kansa yana fuskantar mai kallo kai tsaye, gashinsa ya zubo a kafaɗu, cikin irin tsayuwar da a lokacin aka keɓe wa zane-zanen coci. Da'awar daraja ce ƙarara.

Rembrandt na ƙasar Holan ya bi wata hanya. Ya bar zanen kansa kusan 80, idan aka haɗa na fenti da na bugu da na alƙalami, tun yana saurayi har zuwa 1669 da ya rasu. A na farko-farko yana gwada riguna da huluna iri-iri kamar ɗan wasan kwaikwayo, amma bayan karayar arzikin da ta same shi a 1656 sai zanen ya yi nauyi, kumburin ƙarƙashin ido da saɓar fatar kumatu duk ya bar su a fili. Vincent van Gogh kuwa ya zana kansa fiye da sau 35, mafi yawa a birnin Faris tsakanin 1886 da 1888, kuma ɗaya daga dalilansa shi ne ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa. Duk matashin da ke zane a ɗaki ɗaya a Agege ya san wannan dalili. A zanensa na farkon 1889, wanda ya yi da bandeji a kunne, kunnen dama ne ake gani a ɗaure, alhali na hagu ya yanka. Madubi ne ya juya masa.

Shin dole ne zanen ya yi kama da mai shi?

Ba dole ba ne, kuma a nan ne zanen zamani ya rabu da abin da yawancin masu kallo suke tsammani. Bahaushe ya san wannan ta wata hanya, domin idan ɗan dambe ko ɗan tauri ya shiga fili ya yi wa kansa kirari, ba wanda ke tsayar da shi ya ce ai kai ba dutse ba ne, ba kura ba ne. Jama'a sun fahimci cewa yana faɗin yadda ya ɗauki kansa da yadda yake so a ɗauke shi, kuma ta nan ake auna shi. Zanen kai na zamani haka yake aiki. Egon Schiele na Ostiriya, wanda ya rasu a 1918 yana da shekara 28, ya riƙa zana kansa a ƙanjame, gaɓoɓi a murɗe, fiye da yadda jikinsa yake. Francis Bacon, mai zanen Birtaniya, ya riƙa dagula tasa fuskar kamar an shafe ta da tsumma tun fentin bai bushe ba. Babu ɗayansu da ya kasa fitar da kamanni; abin da suke ji a jikinsu suka sa a gaba.

Misalai biyu sun nuna iyakar maganar kamanni. Ba'amurke Chuck Close yana da lalurar rashin iya tuna fuskokin mutane, amma fuska ce ya zana kusan duk rayuwarsa, yana raba hoton gida-gida da layuka, yana cika kowane gida shi kaɗai, kuma ya ci gaba da haka bayan ciwon da ya shanye masa jiki a 1988. William Utermohlen, Ba'amurke mazaunin Landan, an gano yana da cutar mantuwa ta Alzheimer a 1995, sai ya ci gaba da zana kansa na kusan shekara biyar. A jerin zanen ana ganin kunne yana barin wurinsa, idanu suna rasa daidaito, har ya rage 'yan layukan fensir. Na ƙarshe su ne mafi nisa da kamanninsa, kuma su ne suka fi nuna halin da yake ciki.

Wannan yana da muhimmanci a Legas musamman, domin salon zanen da ba a iya bambanta shi da hoto ya samu karɓuwa sosai a nan. Mutane da yawa suna tuna yaron nan ɗan shekara 11 da ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron lokacin ziyararsa Ikeja a watan Yulin 2018. Gwanintar gaskiya ce, kuma mai iya fitar da kowane ramin gashi da ɗigon zufa ya cancanci yabo. Amma idan aka zo zanen kai, iya hannu shi ne farkon aiki. Wanda ya kwafi salfinsa daidai ya nuna cewa yana da haƙuri da ido. Bai riga ya gaya mana komai game da kansa ba, tun da wayar ce ta yanke duk shawarwarin.

Ta yaya mai zane zai nuna cewa shi ɗan wuri biyu ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Bahaushen Legas, wanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba, yana jin Yarbanci da Turancin buroka kamar Hausa, a kan titi ana kiransa aboki ko malam ba tare da an tambayi sunansa ba, idan kuma ya je Kano ko Sakkwato da salla dangi su ce ga ɗan Ikko ya zo. Masu zane da yawa sun fuskanci irin wannan, kuma yana da kyau a duba biyu daga cikinsu da kyau.

Frida Kahlo ta Meziko, wadda mahaifinta Bajamushe ne, ta fara zane sosai bayan hatsarin motar da ta yi a 1925 tana da shekara 18, lokacin da aka maƙala mata madubi a saman gadon jinya. A 1939, shekarar da aurenta da Diego Rivera ya mutu, ta yi babban zanen da aka sani da Frida Biyu. Mata biyu ne a zaune a kan benci, hannunsu a riƙe da juna, dukansu ita ce. Ɗaya tana sanye da farar rigar leshi irin ta Turai, ɗayar da tufafin gargajiya na matan yankin Tehuantepec na Meziko. Zuciyar kowacce tana waje, jijiya guda ta haɗa su, ta farar rigar tana riƙe da almakashin tiyata tana ƙoƙarin tsayar da jinin da ke ɗiga a cinyarta, ɗayar kuma tana riƙe da ƙaramin hoton mijin yana yaro. Fuskokin biyu ba su nuna komai ba, babu kuka babu murmushi. Tufafi da hannuwa ne suka ɗauki labarin.

Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili da ta shugabanci hukumar NAFDAC, an haife ta a Inugu a 1983, ta yi makarantar Queen's College a Yaba, ta koma Amurka a 1999. Tana yawan zana kanta a falo ko ɗakin kwana, wani lokaci tare da mijinta Ba'amurke farar fata, kuma sau da yawa fuskarta a juye take ko a cikin inuwa. Sai an matso kusa ake ganin cewa bango da daɓe da kujera, har fatar jiki, an lulluɓe su da ƙananan hotuna daga mujallun Najeriya da kundin hotunan gidansu, waɗanda take kwafewa a kan takardar ta hanyar goga sinadari a bayan hoton har tawadar ta sauka. Ɗakin na Amurka ne, abin da aka gina shi da shi na gida ne.

Darasin ga mai zane Bahaushe shi ne kowane abu da ya sa a jikinsa ko bayansa magana yake yi. Zanna bukar ko hana-salla, kaftani ko rigar ƙwallo, hijabi ko ɗaurin ɗankwali, lalle a hannu, bille ko kalangun da wanzami ya yi wa kakansa amma shi ba a yi masa ba, motar danfo mai ruwan ɗorawa a bayansa ko ƙofar zauren gidansu na Arewa. Hatsarin da ke nan shi ne a tara alamomin duka a zane ɗaya, dagin Arewa a kusurwa, raƙumi a nesa, gadar Third Mainland a gefe, har aikin ya koma kamar kalandar hukumar yawon buɗe ido. Abu guda da mai zanen ya san nauyinsa a ransa ya fi goma da ya sa don a ce shi Bahaushe ne.

Me ya sa ake yawan maganar launin fata a zanen baƙar fata na zamani?

Saboda ɗaruruwan shekaru manyan gidajen zane na Turai sun cika da fuskokin farar fata, baƙi kuwa idan sun bayyana galibi a gefe suke, a matsayin bayi ko masu hidima, kuma hanyoyin haɗa launi da ake koyarwa an gina su ne a kan farar fata. A 1980 Kerry James Marshall, baƙar fata Ba'amurke, ya yi ɗan ƙaramin zanen kansa, baƙin mutum da baƙar hula a kan bango mai duhu, ba a ganin komai sosai sai fararen idanu da haƙora da ɗan gefen riga, yana nuna yadda al'umma ke kallon baƙin mutum ba tare da ta gan shi ba. Amy Sherald, wadda ta zana Michelle Obama a 2018, tana yin fatar mutanenta da ruwan toka domin kada launi ya zama abin da aka fara karantawa. Toyin Ojih Odutola, haifaffiyar Ile-Ife a 1985 wadda ta girma a jihar Alabama, ta yi suna da zana fuska, har da tata, da baƙin biro, layi kan layi, har fatar ta riƙa sheƙi kamar saƙa.

A aikace, duk wanda ya tsaya gaban madubi kusa da taga ya duba da kyau zai ga cewa fatarsa ba launi ɗaya ba ce. Goshi yana ɗaukar shuɗin sama, kumatu suna da ja-ja, ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar launin rigar da aka sa. Masu koyo sukan haɗa baƙi da fari kawai don samun inuwa da haske, sai fuskar ta fito kamar an shafa mata toka. Ya fi kyau a fara da ruwan ƙasa mai duhu, a ɗumama shi da jar ƙasa da ɗorawa, a sanyaya inuwa da shuɗi. Sannan akwai tambayar da mai zane zai yi wa kansa cikin gaskiya, a garin da man bilicin ke cike da kasuwa kuma tacewar waya ke haskaka fata da kanta: idan fuskar da ke kan kanbas ta fi ta madubi haske, wa ya yanke wannan shawara?

Ina matsayin Najeriya a wannan tarihi?

Zanen fuska irin na zamani a Najeriya a Legas ya fara. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane a lokacin da Turawan mulkin mallaka ke ganin ɗan Afirka ba zai iya irin wannan aiki ba. A 1906 ya yi zanen matar Spencer Savage, ya ci gaba da zana manyan 'yan bokon Legas, ya je karatu Landan da Faris daga 1920 zuwa 1922, ya dawo ya dage har aka sa zane a manhajar makarantu. A wurinsa, fitar da kamanni daidai shi kansa martani ne ga masu raina baƙar fata, don haka ba za a auna shi da ma'aunin yau ba.

Ben Enwonwu ya nuna cewa zanen fuskar wani ma yana tona mai zanen. 'Yan shekaru bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970, shi ɗan ƙabilar Ibo ya zana Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, kuma mutane da yawa suka ɗauki zanen, wanda ake kira Tutu, a matsayin alamar sulhu. Ɗaya daga cikin ukun da ya yi ya ɓulla a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a watan Fabrairun 2018 a kan fam miliyan 1.2.

Arewa ma tana cikin labarin. A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a kwafi Turai kawai, ta ce a haɗa dabarun da aka koya da fasahar gida. Grillo, ɗan Legas, ya dawo ya daɗe yana koyarwa a kwalejin fasaha ta Yaba, kuma an san shi da dogayen mutane cikin launin shuɗi irin na rinin adire na Yarbawa.

Me addini ya ce game da zanen fuskar mutum?

Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne, amma tambayar ba ta kaucewa, domin sau da yawa ita ce ta farko da iyaye ke yi. Akwai hadisai a Bukhari da Muslim masu tsananin gargaɗi ga masu suranta abu mai rai. Mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki hanin ya haɗa har da zanen da ke kan takarda ko ƙyalle. Abin da ya shahara a Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, shi ne haramcin ya tsaya a kan abin da ke da inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkun gaɓoɓi, zanen da ke shimfiɗe kuwa makaruhi ne ko barinsa ya fi. Malamai da yawa kuma suna sassautawa idan surar ba ta cika ba. Wanda abin ya dama ya je wajen malaminsa da bayani dalla-dalla: me yake zanawa, da me, don wane dalili, kuma ina za a ajiye shi.

A ɓangaren tarihi, wanda ba hujjar shari'a ba ne, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Muhammad na Biyu ya zauna wa ɗan Italiya Gentile Bellini ya zana shi a 1480, kuma fadojin Farisa da na Mugal a Indiya sun riƙe masu zanen fuska ƙarnoni da dama.

To, ana iya zanen kai ba tare da fuska ba?

Ana iyawa, kuma wasu daga cikin mafiya ƙarfi haka suke. A 1888 Van Gogh ya zana kujerarsa ta katako mai mazaunin ciyawa, da lofe da ƙunshin taba a kai, ba kowa a zaune, kuma masana da yawa suna karanta aikin a matsayin zanen kansa. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930 a gidan malamin addini, ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida ya tarar jama'arsa ba su ga kansu a irin aikin da ya koyo ba, sai ya koma ga rubutun Larabci da zayyanar allo, yana jan haruffa har su zama siffofi. Zanen kansa na 1961 fuska ce mai tsawo da idanu kamar ramuka, wadda ta fi kusa da rubutu da sassaƙa fiye da hoto. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa. Wanda ya tashi da allo da tawada da alƙalamin gamba yana da wannan hanya a hannunsa tun kafin ya taɓa buroshi.

Ba yabon kai ba ne mutum ya zauna yana zana fuskarsa?

Hausawa sun ce yabon kai jahilci, kuma akwai zanen kai da ya faɗa ƙarƙashin wannan hukunci. Amma wanda ya taɓa duban fuskarsa awa uku a jere ya san cewa alfahari ba ya jure irin wannan kallo. Lucian Freud na Birtaniya ya zana kansa yana da shekara 70 ba tare da ya ɓoye ko ɗaya daga alamomin tsufa ba. Kunya ma tana iya zama abin zanawa: ido a ƙasa, mayafi an ja shi har hanci, ko kai a juye gefe, duk hanyoyi ne da mace ko namiji zai nuna tarbiyyar da ya taso da ita.

Yaya mutum zai fara a ɗakinsa?

Madubi mai girman littafin rubutu ya isa. A jingina shi daidai tsayin ido, kusa da taga, yadda haske zai zo daga gefe ɗaya ya raba fuska gida biyu, mai haske da mai inuwa. A kashe ƙwan lantarki, domin haske biyu yana kashe inuwa, kuma wanda ya dogara da wutar NEPA zai ga fuskarsa ta sauya a tsakiyar aiki. A yi alama da alli a inda ƙafafun kujera suke, a manna ɗan tef a madubin daidai inda ƙarshen hanci ya faɗa, don a iya komawa zama ɗaya gobe, kuma a riƙa zama a lokaci guda, misali daga hantsi zuwa kafin azahar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga idanu sama. A kan babban mutum, idanu suna wajen tsakiyar kai ne idan aka auna daga tsakar ka zuwa haɓa, amma hannu yakan rage goshi da ƙoƙon kai saboda hankali ya fi karkata ga ido da baki. A fara da gawayi a kan takarda mai araha, a yi zane da yawa na minti ashirin-ashirin kafin a taɓa fenti. Na farkon za su fito da tsare gira da zare ido, wannan fuskar mai auna abu ce, kowa yana yin ta.

Yanayin Legas yana da nasa hukunci. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, da damina ya fi haka, kuma ana jiran wata shida ko fiye kafin a shafa masa banish, wato man kariya mai sheƙi. Fentin akirilik yana bushewa cikin mintuna, don haka ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki. Danshi yana sa takarda da kanbas su yi fumfuna, saboda haka kada a jingina aiki da bangon da ke jiƙa, kada kuma a naɗe shi a leda.

A ina za a ga irin waɗannan ayyuka a Legas?

Gidan zane na Nike da ke Lekki yana da dubban ayyuka a hawa-hawa. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Onikan, da gidan adana zane na Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic da ke Ibeju-Lekki wanda aka buɗe a 2019, da cibiyar fasahar zamani da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007, mai ɗakin karatu na littattafan zane. Bajekolin Art X Lagos, wanda aka fara a 2016, yana zuwa wajen watan Nuwamba. Zuwa da ƙafa yana da amfani, domin allon waya yana mai da zane mai tsayin mutum da wanda bai fi tafin hannu ba girma ɗaya, kuma kaurin fenti ba ya fitowa a cikinsa.

Wa zai sayi zanen fuskar mutumin da bai sani ba?

Ana saya, amma ba don sanin mai fuskar ba. Zanen kan da Frida Kahlo ta yi a 1949, mai ɗauke da fuskar mijinta a goshinta, an sayar da shi dala miliyan 34.9 a gwanjo a watan Nuwamban 2021. Irin wannan farashi na waɗanda tarihi ya riga ya tantance ne, kuma bai kamata matashi ya gina lissafinsa a kai ba. Amfanin zanen kai a farkon sana'a ya fi kusa da haka: shi ne aikin da masu gidajen zane da malaman makarantu ke dubawa su ga ko mai nema yana da abin faɗa na kansa, abin da zanen kwastoma ba zai nuna musu ba. Hanyar da ta fi dacewa ga mafi yawan masu farawa ita ce su ci gaba da karɓar aikin biki da na kyauta don kuɗin haya da fenti, su ware rana ɗaya a mako don nasu aikin, su rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, su ɗauki hotonsa a hasken rana kafin ya bar hannunsu.